Kwalabe Biyu Zuwa Damagaram

Ina farawa da sunan Allah, wanda ya halicci giwa, ya halicci abin da bai kai ƙwayar riɗi ba, kuma bai bar ko ɗaya ba tare da siffarsa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu.

Tun da muka dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci a tare ni, a kasuwar Roni a tare ni, har wurin jana'iza sai wani ya matso ya ce, "Malam Isa, wai da gaske ne mace ce ta raba gardamar?" Wani ma cewa ya yi ya ji an kama mu da giya a Babura. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta labarin sau ɗaya da ajamina, malamin firamare ya juya shi zuwa boko, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Ga asalin maganar. Shekara biyu a jere waken ƙauyenmu yana yin fure ya zubar, ba ya ɗaure ɗa. Ga shi ba mu daɗe da fita daga fari ba, samari kuma duk sun tafi Kano da Legas aikin gine-gine tun da kuɗin fetur ya zo, wake ne abin da ya rage muna sa wa rai. In ka ɓare furen sai ka ga waɗansu 'yan ƙwari baƙaƙe, sirara, suna ta guje-guje. Ƙwarkwatar fure muke ce musu. A daidai shekarun nan ne Bukar ya fara noman albasa da irin da ya sayo a Damagaram. Shi Bukar Babarbare ne, mahaifinsa ya zo daga gabas aka ba shi aron fili a bakin fadama, a nan aka haifi Bukar, a nan ya yi furfura. Yakan zuba irin albasar tun wake yana fure, don ya yi dashe da wuri. To a wuyan ganyen albasarsa ma akwai 'yan ƙwari masu irin wannan ƙirar, sai dai su kalar busasshiyar ciyawa gare su.

Sarkin Noma Ɗanjuma, wanda ya fi kowa asara, ya ce ai magana ta fito. Na albasar 'ya'ya ne, in sun girma su tashi su faɗa furen wake su yi baƙi. Kuma ba shashanci ya faɗa ba, don a cikin furen waken ma akan ga ƙanana masu haske. Malamin gona ya zo daga Kazaure ya ce ba iri ɗaya ba ne, amma bai iya nuna mana ba, kuma kowa ya san a gidan Bukar yake cin abincin rana. Dagaci ya yanke cewa in ta tabbata ƙwaro ɗaya ne, za a ƙone irin albasar kafin dashe, a karɓe filin. Bukar ba shi da wata gona sai ita, ga mata da 'ya'ya.

Malamin gona ya ce akwai wani gidan gwajin noma a bayan Damagaram, suna da madubin da ke mai da ƙwarkwata kamar akuya. Sarkin Noma ya ce ya yarda a je can, tun da daga can masifar ta fito, ai sun san abinsu. Malamin gona ya kakkaɓo ƙwarin a gaban jama'a, na wake a kwalba ɗaya, na albasa a ɗaya, cikin wani farin ruwa da ya kira ruwan magani. Na rubuta wa kowace sunanta na liƙa. Suka kwana a wurin dagaci. Da safe ya sa su a 'yar jakar fata ya rataya mini a wuya, ya ce in rantse ba za su rabu da jikina ba sai a gaban madubin. Na rantse. Ni ne shaida, Sarkin Noma mai ƙara, Bukar wanda ake ƙara. Haka muka tashi mu uku, ba mai yi wa wani magana sai ta bakina.

Daga ƙauyenmu zuwa Kazaure a bayan a-kori-kura muka zo, tare da buhunan gyaɗa da wata tunkiya da ta ƙi jinin Sarkin Noma. A tashar Kazaure muka yi zaman jiran mota har rana ta take. Wadda muka samu roka ce, babbar motar kaya ta 'yan kasuwa, mai bi ta Kanya Babba. Direban Bafillace ne mai suna Jauro, yana ganin zanen fuskar Bukar ya ce, "A'a, yau na yi sa'a, ga bawana ya zo da kansa. Hau sama kan kaya, wurin bayi ke nan." Bukar ya ce, "Ka sayar da saniyar uwarka ka sayi wannan gwangwanin, har kana da bakin magana?" Suka yi dariya, aka ba Bukar gaban mota. Sarkin Noma ya raɗa mini, "Ka gani ko, Malam? Ko'ina yana da mutane." Na ce ai wasan Fulani da Barebari ne, tun ba a haife mu ba ake yinsa. Ya ce shi dai ya gani.

Bayan Kanya Babba motar ta kafe a yashi, muka sauka muka tura. Duk lokacin da na sunkuya sai in ji idanu huɗu a kan jakar wuyana. Ba mu shiga Babura ba sai da la'asar ta yi, azahar ma tana kanmu.

Jauro ya kai mu gidan wani mai saukar da baƙi kusa da kasuwa. Mutumin yana fitowa ya dubi Bukar ya ce, "Wushe, wushe," suka shiga Barbarci. Fuskar Sarkin Noma ta ƙara ɗaurewa. Muka yi alwala. Na ɗan ciro kwalaben in ga ko tura motar ta fasa su, sai na tarar murfin ɗaya ya yi ɗan yoyo. Jauro ya shinshina ya ce, "Malam, da wannan za ka ja mu salla? Ai sifirit ne. Masu allura suna goge fata da shi, 'yan Sabon Gari kuma su sirka da ruwa su sha."

Abin da na karanta shi ne mai ɗauke da najasa sallarsa ba ta inganta. Ga kuma rantsuwa a wuyana. Mai gida ya ce a ba shi ya riƙe har mu idar. Sarkin Noma ya ce, "A ba wa? Ɗan'uwansa?" Bukar ya ce to a ajiye a gabanmu. Sarkin Noma ya ce in an yi sujada wa yake gani? Kuma ko sun yarda, ni ban da ikon saukewa. Rana tana ta yin ƙasa, manya uku sun tsaya da ɗanyar alwala suna muhawara a kan kwalba.

Mai gida ne ya kawo shawara, muka ga kamar daga sama ta sauko. Ya ce ai manufar ruwan kada ƙwarin su bushe ne, to a tace shi a zubar, a zuba man gyaɗa. Aka nemi ƙyalle mai ƙananan ido, ba a samu kamar rawanin Sarkin Noma ba, ɗan Kura ne mai shuni yana ƙyalli. Ya warware shi yana ƙunƙuni. Kwalaben suna hannuna, shi ya riƙe bakin rawanin. Muka tace na wake, na juya ina ɗauraye kwalbar, shi kuma yana tsinto ƙwarin da gashin kaza yana sakawa cikin man. Bukar ya shiga cikin gida ƙaro mai, muka tace na albasa. Rawanin kuwa Sarkin Noma ya ce ba za a sa masa ruwa a nan ba, ƙyallinsa zai mutu, sai an koma gida a kai wa marina. Ya naɗe shi ya cusa a jaka, daga ranar da hula ya ƙarasa tafiyar. Muka yi salla da natsuwa, muna jin mun yi dabara.

Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka. Sarkin Noma bai sa hannu ba sai da ya ga Bukar ya haɗiye loma, kuma daga gefen da Bukar ya ɗiba yake ɗiba.

Washegari muka nufi iyaka. A ɓangarenmu kwastan fetur suke nema, suka yi ta soka ƙarfe cikin buhuna, ba su ko dube mu ba. Da muka haye sai ga jandarmomi da 'yan hulunansu, kowa ya sauko ya yi layi. Su can kowane baligi yana yawo da kati mai hotonsa, kamar wanda ake tsoron zai manta fuskarsa. Mu takardar haraji muka miƙa. Wani dogo ya nuna jakar wuyana ya ce in ciro. Na ce sai dai ya duba tana hannuna. Ya ja, na riƙe, har igiyar ta shaƙe ni. Na ciro kwalaben ina riƙe da su, ya kira wani da ya yi karatun allo, ya karanta, "Na wake. Na albasa." Dogon ya ɗaga hannuna da kwalbar a rana ya ce, "Malam, faɗi gaskiya, na mallaka ne ko na farin jini? In na farin jini ne a ɗan tsiyaya mini."

Sarkin Noma ya fara bayani, Bukar ya katse shi, suka kaure da musu a gaban hukuma. Da dogon ya gane zancen sai ya dafa mota yana dariya, ya kira sauran ya ce su zo su ga dattawan Najeriya sun kawo ƙarar ƙwarkwata. Suka sake mu, har ɗaya ya sara wa kwalaben.

A Magarya muka sauya mota. Hausarsu Hausa ce, amma rabin kayan ofis da na mota da wani suna suke kiransu, kuma in an faɗa maka farashi da sefa sai ka ji kamar za a sayar maka da gari, alhali ƙosai ne. Burodinsu dogo ne kamar sanda, bayansa da tauri. Sarkin Noma ya saya da yawa, don ya ce shi kaɗai ne abincin da ya tabbata ba a barbaɗa masa komai ba.

A Damagaram ba mu san kowa ba sai mutumin da ya sayar wa Bukar iri, wani Alhaji mai fara'a a unguwar Zango. Ya shimfiɗa mana tabarmi a zaure, aka kawo fura mai kauri da cuku, daga baya dambu da zogale. Sarkin Noma ya ce yana azumin nafila. Da magariba ta yi ya ce cikinsa ne ba daɗi, ya juya baya yana gurgurar burodinsa, wanda ya riga ya zama itace, har dasashinsa ya yi jini. Wani Buzu maƙwabcin Alhaji ya dafa mana shayi a 'yar buta, yana ɗaga ta sama yana tsiyayawa cikin ƙananan kofuna, ya ce ba a tashi sai an sha zagaye na ƙarshe. Na sha nawa na sha na Sarkin Noma, don kada mai gida ya ji kunya.

Washegari da hantsi Alhaji ya sa aka kai mu gidan gwajin. Fili ne babba da waya kewaye, kowace 'yar gona da allonta. Mai gadi ya ce mu jira mai ɗakin ƙwari. Muna zaune sai ga wata mata a kan ɗan babur, ta ɗaura kallabi, ta jingine shi ta ciro mabuɗi. Mai gadi ya ce, "Ga Madam Ramatu nan." Sarkin Noma ya dube ni, na dubi ƙasa.

Bazabarma ce, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba, amma Hausarta tsaf. Ta durƙusa ta gaishe mu yadda ya kamata, ta ji labarin har ƙarshe. Sarkin Noma ya ce, "'Yar nan, kada ki ji haushi, amma shaidar mace ɗaya ba ta karɓe gona, ba ta kuma bayarwa." Ta ce, "Baba, ni ba shaida zan yi ba. Ido zan ara muku, ku yi shaidarku."

A gaban madubin na cire jakar, na ji wuyana kamar an sauke mini dutse. Ta buɗe kwalba ta shinshina, ta ce, "Wa ya soya su?" Muka faɗa mata abin da ya faru a Babura. Ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa don dariya. Ta ce abin da muka zubar ɗin shi za ta sake wanke su da shi, mu kau da kai in muna so.

Madubin bututun ƙarfe ne a tsaye, da ɗan madubi a ƙasa mai kamo hasken taga. Ido ɗaya ake sawa. Ta ɗauko ƙwaro da bakin allura ta kwantar a kan ɗan gilashi, ta ware masa fukafukai, ta ce in fara. Na yi bisimilla na duba, sai na ja da baya ina salati. Abin da nake murjewa da yatsa ban san na taɓa shi ba, ga shi da kai da idanu da ƙafafu shida, da ƙaho biyu masu gaɓa-gaɓa kamar kara. Fukafukinsa ba irin na ƙuda ba ne, siriri ne kamar tsinke, da geza a gefe kamar gashin tsuntsu.

Ta ce duk danginsu da wannan gezar ake gane su, amma iri-iri ne, akwai na auduga, akwai na mangwaro, akwai na gyaɗa. Ta ce launi yana ruɗi, don na albasa ma yakan yi duhu in sanyi ya shigo, 'ya'yan na wake kuma da haske suke fitowa. Saboda haka sai a bar ƙanana, a ɗauki manya masu fukafuki, a ƙirga gaɓoɓin ƙaho. Na albasa bakwai ne. Na furen wake takwas, biyun ƙarshe ƙanana ƙwarai, kuma fukafukinsa mai duhu ne da farar ɗamara kusa da kafaɗa. Ta ce wanda ya yi fukafuki ya gama girma, ba ya ƙara gaɓa, ba ya sake riga.

Kwalbar wake duk masu takwas ne. Ta koma ta albasa, na farko bakwai, na biyu bakwai. Bukar ya fara sauke numfashi. Sai ta daɗe a kan madubin. Ta ɗago ta ce, "Akwai baƙaƙe biyu a nan. Masu takwas ne."

Sarkin Noma ya miƙe ya ce, "Allahu akbar. Malam, ka ji da kunnenka. A cikin albasarsa."

Madam ta ce mu dakata. Ta ce akwai wani shuɗin zare a jikinsu, a madubi kamar igiyar rijiya, da me muka tace? Muka ce da rawani. Ta ce wanne aka fara tacewa? Na ce na wake. Ta ce, "Wuri ɗaya aka tace duka biyun, ko an sauya gefe?" Ni ina ɗauraye kwalba a lokacin, Bukar yana cikin gida. Muka juya ga Sarkin Noma. Ya ce shi ba zai iya tunawa ba. Bukar ya ce a buɗe rawanin. Sarkin Noma ya ce ba a haifi wanda zai binciki jakarsa ba.

Ana cikin haka aka buga ƙarfe. Ashe su can in rana ta take kowa rufe ofis yake yi ya tafi gida ya kwanta, sai wajen la'asar a dawo, ko da kuwa gobara ake yi. Madam ta kulle ɗakin ta hau baburinta. Muka koma gindin wata bishiyar darbejiya muka yi salla, muka zauna, kowa da inda ya sa gaba.

Can Bukar ya ce, "Malam Isa, in kun koma ka ce wa dagaci ya karɓi filinsa. Ni daga nan gabas zan yi, wajen dangin mahaifina, in sun san ni. In na samu wurin zama zan aiko a kawo mini iyali." Na ce ya bari a gama. Ya ce, "An gama tun a Babura. Ni na ɗebo man da hannuna."

Sarkin Noma yana jin mu. Ya daɗe yana jan carbi. Ni kuwa ina ta saƙe-saƙe, in ce da gangan ya yi, in ce a'a, mutumin da ya ƙi cin abinci don tsoron a cuce shi ba lalle ne ya iya cuta ba, in sake cewa ai mai tsoron a yi masa shi ya san yadda ake yi. Ban kai ga matsaya ba sai na ga ya jawo jakarsa. Ya ciro rawanin, ya miƙa mini baki ɗaya, ya ja da baya yana warwarewa har ya miƙe a tsakaninmu. Muka bi shi da ido daga wannan baki zuwa wancan. Tabo ɗaya ne, inda sifirit ya cinye shunin, da maiƙo a gefensa. A tsakiyar tabon har da sauran ɗige-ɗigen ƙwari a maƙale.

Sarkin Noma ya ce, "Wuri ɗaya ne. Tsoron ɓata rawanin wuri biyu na yi." Bukar ya ce, "Ka tuna yanzu?" Ya ce, "Tun a ɗakin na tuna." Ko ya san abin da hakan zai jawo tun a Babura, wannan Allah ne masani. Ni abin da na gani na faɗa.

Da Madam ta dawo ta ga tabon, ta ce to kwalaben sun tashi daga shaida, amma akwai abin da ya fi su. Ta kai mu bayan ɗakin, inda suke da wake yana fure, ga irin albasa a jikinsa, taku ɗaya ne tsakani, kuma ta ce haka suke yi kowace shekara. Ta ba Sarkin Noma farin faranti ta ce shi zai kakkaɓo na albasa da hannunsa, Bukar ya kakkaɓo na wake, kowa da farantinsa da allurarsa. Sarkin Noma ya bi layin nan kaf, har wanda ganyensa ke gogar waken, yana neman baƙi.

Sannan ta zaunar da shi gaban madubin. Da farko ya rufe idon da ya kamata ya buɗe, ya ce shi duhu kawai yake gani. Can ya gano. Ya riƙe carbi yana jan ƙwaya ɗaya a kowace gaɓa. Na albasa ya tsaya a bakwai. Ya ce a sauya, aka sauya, bakwai. Ya ce shi zai zaɓa da kansa, ya zaɓi wanda ya fi duhu, bakwai. Aka sa na wake ya ƙirga bakwai, ya ɗago da sauri. Madam ta ce, "Baba, dubi can ƙarshen, biyu ne ba ɗaya ba," ta murɗa wani ɗan ƙarfe. Ya sake dubawa ya ja ƙwaya ta takwas. Haka ya yi ta yi har hasken taga ya fara raguwa, ita kuwa ba ta gaji da sauya masa ba.

Da ya gama ya ce, "To shi wannan baƙin daga ina ya zo mana?" Ta ce ba daga ko'ina ba. Yana nan duk ƙasar da ake noman wake, in rani ya yi ya fake a furannin itatuwa da ciyayin daji dangin wake, wata shekara ya yi yawa, wata ya yi sauƙi. Ta faɗa mana lokacin da ya kamata a yi feshi, da zarar fure ya fara, ta ce malamin gonarmu ya san maganin. Ta ce za ta rubuta mana takarda. Sarkin Noma ya ce ba wanda zai iya karanta Faransanci a garinmu, kuma ko an iya ba za a yarda ba, a bar shi da bakinsa. Ranar ya ci dambun Alhaji har ya nemi ƙari.

Dawowa ba wani abin faɗi, sai dai dogon jandarman nan ya tambaye mu wa ya ci shari'a, muka ce ana nan ana yi.

Mun tarar da ƙofar dagaci cike, har an tara karan da za a ƙone irin. Na faɗi abin da na gani tun daga Kazaure, ban rage ba, har zancen man gyaɗa, malamin gona yana riƙe da kai. Dagaci ya ce, "Sarkin Noma, kai ka kawo ƙara." Sarkin Noma ya miƙe da 'yar hularsa ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ƙwaro ɗaya ba ne. Na Bukar gaɓa bakwai, namu takwas. Ni na kakkaɓo, ni na ƙirga."

Wuri ya ɗauki guna-guni. Wani daga baya ya ce, "Me aka ba ka ka ci a can?" Wani ya ce in ba Bukar ba to wa ya kawo? Sarkin Noma ya juya ya ce, "Ba wanda ya kawo. Namu ne, a nan muka gaje shi." Wannan ta fi yi wa mutane ɗaci, don an zo da kara da ashana, ga shi ba abin ƙonawa. Dagaci ya ce tun da mai ƙara ya janye da bakinsa, fili yana hannun mai shi, kowa ya ɗauki karansa. Har yau akwai masu cewa an sayi Sarkin Noma, akwai masu cewa an sayi mu duka, kuma waɗansu sun daina zuwa gaishe shi.

Irin albasar ya kusa wuce dashe saboda jiran da aka yi. Kwana kaɗan bayan haka na bi ta fadama da safe, na tarar da Bukar da iyalinsa a duƙe suna ta fama, aikin ya fi ƙarfinsu. Na tsaya muna gaisawa sai ga Sarkin Noma ya zo bakin kunya ya yi sallama. Bukar ya amsa bai ɗago ba. Ya ci gaba da dashe har ya kai ƙarshen layi, ya dawo, ya fara wani, mutumin nan yana tsaye, dattijo da sarautarsa, rana tana dukansa. Na so in yi magana, na ga ba hurumina ba ne.

Sai da Bukar ya gama layi na biyu ya miƙe, ya karkaɗe hannu, ya ɗebi damin iri ya miƙa masa. Ya ce, "Kada ka nutsa su da yawa, Sarkin Noma. Wannan ba wake ba ne."

Sarkin Noma ya cire takalmi ya naɗe wando, ya shiga cikin laka.